Otal a Hartum, dangi a Mai Wurno: ina ya kamata falke ya sauka?

Akwai wata ɗabi'a da ta shigo cikinmu, mu 'yan kasuwar bakin iyaka, tun lokacin da jirgin sama ya zama abin hawan kowa. Da zarar Allah Ya buɗa wa mutum, ya ga jarinsa ya tsaya da ƙafarsa, sai ya ware wani abu ya ce zai je ya ga duniya. Wannan ba laifi ba ne, domin tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma wanda ya shekara yana shaƙar ƙurar Maigatari ko Jibiya ko Illela ya cancanci ya huta. Inda muke da magana shi ne wurin sauka. Sai ka ga mutum ya je ƙasar da take cike da danginsa, ya kama ɗaki a otal a babban birni, ya kwana bakwai, ya dawo da hotuna da turare, amma bai taka zauren ko mutum ɗaya daga cikinsu ba. Babu ƙasar da wannan ya fi fitowa fili kamar Sudan, kuma abin da ya sami Hausawan ƙasar tun daga shekarar 2022 ya sa maganar ta wuce ta son rai.

Duk wanda ya je Hartum kafin yaƙi ya san yadda makon yake tafiya. Jirgi ya ɗauke ka daga Kano ya sauke ka a filin jirgin da yake tsakiyar gari. Mai ƙaramin ƙarfi ya nufi ƙananan otal-otal na kewayen Suk Arabi, ko kuma lakonda, wato masaukin haya inda ake jera gadajen igiya da suke kira angarib, ka biya kuɗin gado ɗaya ka kwanta. Mai hali kuwa ya nufi bakin kogi, inda a 2008 aka buɗe dogon benen nan mai siffar ƙwai da Libiya ta gina, wanda daga baya ya koma Corinthia. Washegari a kai ka Mugran ka ga inda Farin Nil da Shuɗin Nil suka haɗu. A tsallaka da kai Umdurman ka ga ƙubbar Mahadi da gidan Halifa Abdullahi, ranar Juma'a da yamma ka tsaya kallon zikirin 'yan Ƙadiriyya a Hamad al-Nil. In kana da juriyar mota a kai ka arewa, Bajarawiya, ka ga dalar sarakunan da. Sauran kwanakin na kasuwa ne: humra da dilka da turaren wuta da laffaya, tsarabar uwargida da amarya. Da dare ka fito ka sayi agashe a bakin titi, mai gashin ya ji kana lissafi da Hausa ya ce maka, “Alhaji, daga ina?” Ka yi mamaki, ku gaisa, ka biya, ka koma ɗakinka mai sanyi. Ga da yawa daga cikin masu wannan tafiya, iyakar zumuncin ke nan.

To amma shi wannan mai agashe daga ina ya fito? In da an tambaye shi, watakila ya ce Mai Wurno, ko wani ƙauye a gefen Wad Madani, ko Singa, ko Rusairis, ko Gadarif. Daga Hartum zuwa Madani bai kai kilomita 200 ba, kan kwalta. Daga Madani zuwa Sinnar kimanin 100 ne, Mai Wurno kuwa tana kudu da Sinnar kaɗan, a bakin Shuɗin Nil. Wato tafiyar yini guda ba ta cika ba. Mutumin da yake iya tashi daga Maraɗi da asuba ya kwana a Legas saboda kwantena ɗaya, bai kamata ya ce wannan ta yi masa nisa ba.

Ya kamata matasan kasuwa su san su wane ne a can. A watan Maris na 1903 Turawan Ingila suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya fita ya nufi gabas, jama'a suka yi ta bin sa daga gari zuwa gari, sarakai da malamai da talakawa. A watan Yuli na wannan shekara aka yi artabu a Burmi, cikin Jihar Gombe ta yau, inda ya yi shahada. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno shi ya ja ragowar jama'ar suka ci gaba da hijira, har suka isa Shuɗin Nil wajen 1906, suka sauka a Shehu Talha, daga bisani suka kafa garin da ake kira da sunansa. Har yau akwai sarauta a garin, kuma ana jin Fillanci da Hausa tare da Larabci. Wannan ayari ɗaya ke nan. Kafin su da bayansu akwai maniyyata, waɗanda suke fita daga Kano da Katsina da Haɗeja da Damagaram da ƙafa ko a kan jaki, su bi ta Barno, su ratsa Wadai da Darfur da Kurdufan, niyyarsu Sawakin, su hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Guzuri yakan ƙare a hanya. Da Turawa suka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 suka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai aka shiga neman hannu ido rufe, maniyyatan nan suka tsaya su yi kaka ɗaya su tara kuɗin jirgi. Kaka ɗaya ta zama goma, aka yi aure, aka haifi 'ya'ya, bukkoki suka zama ƙauyuka a gefen magudanan ruwa. Wasu suka gangara kudu bakin kogi suna su da noman lambu har Damazin da Rusairis. Wani masani ɗan Gana, C. Bawa Yamba, da ya zauna da su ya rubuta littafi a kansu a 1995, ya tarar da jikoki da tattaɓa-kunne, waɗanda ba su taɓa ganin ƙasar Hausa ba, amma suna cewa su matafiya ne, a hanyar Makka suke.

Abin lura a nan shi ne, duk wannan doguwar hanya daga Kano zuwa bakin Bahar Maliya, ba da otal aka yi ta ba. Da masauki aka yi ta. Kowane zango akwai mai gida, wanda ya riga ka zuwa, ya san sarkin gari, ya san inda ake neman lebura, ya san wanda za a ba ajiya a kwana lafiya. Ka sauka a wurinsa, ya ba ka tabarma da tuwo, ya nema maka aikin tsinkar auduga, in za ka wuce ya gaya maka sunan wanda za ka nema a zango na gaba. Mu 'yan kasuwa ba sai an yi mana dogon bayani ba, domin da wannan tsari muke ci har gobe. Wane ne fatoma in ba shi ba? Baƙo ya zo da shanu ko hatsi, fatoma ya sauke shi, ya ciyar da shi, ya ajiye masa kuɗi, ya kawo masa mai saye, ya tsaya masa in an yi bashi, shi kuma ya ci la'adarsa. Da haka aka kafa Sabo a Ibadan, da haka aka kafa zangon Kumasi. Abin mamaki, wanda yake fatoma a garinsu, gidansa kullum cike da baƙin Nijar da Chadi, shi ne in ya je ƙasar wasu sai ya ga saukar gidan mutane ƙasƙanci ne.

Ba muna cewa otal ba shi da amfani ba. A Sudan ma yana da wani amfani da ya wuce gado. A shekarun 2000 doka ce baƙo ya yi rajista da 'yan sanda cikin kwana 3 da shigarsa, kuma takardar otal ita ta fi saurin kawo hatimin. Fita daga Hartum zuwa wasu jihohi sai da takardar izini, ɗaukar hoto ma sai da izini, kuma bayan faɗan da ya ɓarke a Damazin a 2011 shiga Jihar Shuɗin Nil ya ƙara tsauri. Ga shi a shekarun takunkumin Amurka, daga 1997 zuwa 2017, katin bankin waje ba ya aiki, kowa da tsabar dalarsa a lalita, to dole mutum ya so ɗaki mai makulli. Wanda ya tafi da iyali, ko ya kai mara lafiya asibiti kamar yadda mutanenmu da yawa suka riƙa yi, shi ma yana da uzuri. Akwai kuma wani dalili da ya fi waɗannan nauyi, wanda ba a cika faɗa ba: Bahaushen Sudan ya daɗe yana fama da masu tuhumar zamansa ɗan ƙasa, ko da kakansa a can aka binne shi. Baƙon da ya faɗo masa gida daga Najeriya ba tare da takardu cikakku ba, ba ziyara ya kawo masa ba, fitina ya kawo masa. Saboda haka kwana biyu a otal domin a gyara takardu, wannan mutunta mai gida ne.

Amma a duba otal ɗin da ya fi kowane suna a Hartum a wurin baƙin ƙasashen waje. Ba dogon benen ba ne. Wani tsohon gini ne mai suna Acropole, wanda wani Bagirke ya buɗe a 1952, 'ya'yansa suka gaje shi. Ba shi da wani ƙawa, amma kafin yaƙi 'yan jarida da masu tonon kayan tarihi da ma'aikatan agaji can suke rububin sauka. Dalili? Masu gidan su suke nema wa baƙo izinin tafiya, su samo masa mota da direba, su ajiye masa saƙo, su gaya masa ofishin da zai shiga da wanda zai kauce wa. Wato fatomomi ne, sai dai fata fara. Bature ya gane cewa abin da yake biya ba gado ba ne, ɗan gari yake saye, domin da ɗan gari akan ci gari. Shi sai da ya biya dala kafin ya samu. Mu kuwa muna da su kyauta, dubbai, masu jin harshenmu, amma wasunmu suka zaɓi hira da yaron da yake miƙa makulli.

Ko ta fuskar kasuwa aka duba, asara ce. Duk mai harkar riɗi ko zoɓo ko ƙaro ya san Sudan ce babbar abokiyar gogayyarmu a kasuwar duniya. Riɗin Gadarif da Sinnar, zoɓon Kurdufan, da ƙaron da ƙasar ta fi kowa fitarwa, su ne suke karo da kayan da muke lodi a Maigatari da Dawanau. Wanda ya kwana uku a zauren manomi a Jazira zai ji yadda damina ta kasance, da nawa aka sayi buhu a gona, da wane ne yake ba da bashin shuka ya karɓi amfani da kaka, da hanyar da kaya suke bi su kai Fot Sudan. Wannan labari ba a samun sa a teburin karyawa na otal. Can sai dai direban da otal ya haɗa ka da shi ya kai ka shagon da yake da kaso, a yanka maka farashin baƙo, ka dawo gida kana yabon arha.

Mun san amsar da ake bayarwa, domin mun sha jin ta a rumfuna. Wani ya ce ba ya son ya zama nauyi. Wani ya ce in ka je ƙauye kowa zai ɗora maka buƙatarsa, wannan yana son ka kai ɗansa Kano, wancan yana son jari. Wani kuma ya fito fili ya ce shi ya wuce kwana a kan gadon igiya da wanka da buta. Na ƙarshen nan ba mu da abin ce masa, sai dai mu tuna masa a kan me ya kwana daren jiya a bakin iyaka yana jiran kwastan su saki motarsa. Na farkon kuwa yana da gaskiya rabi. Lallai akwai baƙon da yake zama bala'i, ya zo hannu rabbana, a yanka masa ɗan akuyan da ake tattali, ya share wata guda, ya tafi da “Allah Ya saka”. Mutanen Jazira ba masu kuɗi ba ne. Da yawansu ba su da hawasha, wato gonar da hukumar aikin ta raba wa manoma, sai dai su yi ƙodago ko noman raba-daidai a gonar wani. Amma maganin wannan ai addini ya riga ya faɗa: liyafar baƙo kwana uku ce, kuma bai halatta ya zauna har ya ƙuntata wa mai gida ba. Ka je da tsarabarka, goro da kilishi da daddawa da kuka da turmin atamfa, abubuwan da suke tuna wa tsofaffi gida. Ka sa hannu a aljihu ranar cefane ba tare da ka yi shela ba. Rabin abin da za ka ba otal a dare ɗaya ya isa ya riƙe gidan mako guda. Batun buƙatu kuwa, ai shi ne zumunci. Wanda ya roƙe ka ka riƙe masa ɗa a Kano, shi ne gobe zai riƙe maka naka da ka tura karatu Hartum.

Wannan gobe kuwa ta zo, kuma ta zo da muni. A watan Yuli na 2022 rikici ya ɓarke tsakanin Hausawa da wasu ƙabilu a Jihar Shuɗin Nil kan batun ƙasa da sarauta, aka kashe fiye da mutum 100 a Rusairis da kewaye, a watan Oktoba aka sake yin wanda ya fi shi a Wad al-Mahi. Dubbai suka gudu arewa, zuwa Sinnar da Jazira da Farin Nil, wasu a makarantu, wasu a gidajen dangi. Hausawa suka yi zanga-zanga a Hartum da Kasala da Gadarif da Madani. Mu nan da yawa a rediyo muka ji, kuma ko sunan garuruwan ba mu iya faɗa daidai ba, alhali a cikinmu akwai waɗanda fasfo ɗinsu yake ɗauke da hatimin Sudan uku ko huɗu.

Sai ranar 15 ga Afrilu 2023, cikin azumi, yaƙi ya tashi tsakanin sojoji da dakarun RSF a tsakiyar Hartum. Filin jirgi ne farkon abin da ya tsaya. Unguwar manyan otal-otal ita ce ta zama fagen daga, domin tana jikin fadar gwamnati da hedikwatar soja. Baƙi suka maƙale a ɗakuna ba ruwa ba wuta, ma'aikata kowa ya yi ta kansa, kuma ba a ga laifinsu ba. Acropole, bayan shekara 71, masu shi suka bar ƙasar. Ɗalibanmu na Jami'ar Afirka da sauran makarantu sai da aka yi hayar motocin safa aka kwashe su, suka yi kwanaki a yashe a iyakar Masar kafin rukunin farko ya sauka Abuja a farkon watan Mayu. A wannan rana rasit ɗin otal bai amfani kowa ba. Abin da ya yi amfani shi ne lambar wayar wani da yake da ɗaki a wajen birni. Mutanen Hartum da kansu kudu suka kwarara, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta kusan mutum 500,000 sun fake a Jihar Jazira, akasarinsu a gidajen mutane. Zauren nan da aka raina, shi ya ɗauki birnin a lokacin da benaye suka kasa.

Su ma ba su tsira ba. A watan Disamba na 2023 RSF ta shiga Wad Madani, ta bazu cikin ƙauyukan Jazira da kisa da kwasar ganima, a watan Yuni na 2024 ta kama Singa. Sojoji sun ƙwato Singa a Nuwamba 2024, Madani a Janairu 2025, Hartum a Maris 2025, amma abin da aka tarar kango ne, har gidan tarihin ƙasa da ake kai baƙi kallo an wawashe shi. Tsohuwar hanyar ƙasa kuwa, ta Adre da Jinaina da Fashir, wadda kakanni suka bi, tun 2023 ta zama hanyar gudun hijira, ana bin ta daga gabas zuwa yamma.

Saboda haka kada wani ya ce mun ce ya ɗauki jaka gobe ya tafi yawon buɗe ido Sudan. Ba lokacinsa ba ne, kuma wanda ya faɗa wa mutanen da suke fama da abin da za su ci ya zama ƙarin baki ne kawai. Abin da yake gabanmu yanzu shi ne juyin masauki. Jikokin waɗancan maniyyata wasunsu sun biyo sawun kakanninsu a juye, sun iso Abashe da Injamena, wasu har Maiduguri da Kano, suna tambayar unguwar da kakansu ya ce daga can ya fito. Za ka gane su da Hausarsu mai gauraye da Larabci, da kalmomin da mu muka daina faɗa tun zamanin iyayenmu. Ta kasuwanninmu suke shigowa, Gamborun Ngala da Banki da sauransu, domin baƙo kasuwa yake fara nema. Ba su da kuɗin otal, kuma bai kamata a bar su su nema ba. Shugabannin kasuwa da sarakunan zango da fatomomi su ne ya kamata su fara tambayar su wane ne su, daga wane gari, a sauke su kamar yadda aka sauke namu a can shekara ɗari, a ba mai sana'a rumfa ko ɗan jari, a kai shi wurin hukuma a gyara masa takarda tun kafin wani ya kama shi a shingen hanya.

Kuma a rubuta sunaye. Kowace ƙungiyar 'yan kasuwa tana da littafin da take rubuta kuɗin mako da na gudummawar biki. A ware shafi a rubuta: wane, ɗan wane, daga ƙauye kaza a gefen Madani, danginsa suna unguwa kaza a Haɗeja, ga lambar wanda ya rage a can. Wanda yake da halin aika wani abu ya aika ta hannunsu, domin su suka san gidan da aka fi jin yunwa da inda ake dafa abincin sadaka na unguwa, wanda suke kira takiyya.

Ranar da Allah Ya kawo zaman lafiya, jirgin Kano ya koma tashi yadda ya saba, za a gyara benayen bakin kogi, za a sake buga talla, kuma mutanenmu za su koma. Wanda ya ware kuɗin kwana bakwai, ya ba otal na kwana biyu a buga masa hatimi. Na kwana biyar ɗin ya sayi buhun dawa da sukari da ganyen shayi, ya ɗora a kan motar Sinnar, ya buɗe littafin ƙungiya ya kira lambar da aka rubuta, ya ce ga shi nan tafe, kwana uku zai yi.